Ranar da Aka Kulle Muryoyin Tudun Maɗaci

Baba Kumai ne ya fara ganin abin, kuma duk wanda ya ce ya riga shi ƙarya yake yi. Ya gan shi kafin Rabaran, kafin dattawan coci, kafin malamar jami'ar da ta zo daga baya da jakarta ta faɗi sunan ciwon. Shi da bai taɓa zama a aji ba! Wannan mutumin ya taɓa bin sawun ɓarayin awaki daga Zangon Kataf har gindin duwatsun Nok, ya dawo da awakin da ɓarayin a igiya ɗaya. Ranar da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensu, Tudun Maɗaci, shi ya fitar da mata da yara ta cikin rafi da harsashi a cinyarsa. Harsashin yana nan har yau, shi ke gaya masa in ruwa zai sauko.

Abu ɗaya ke kai shi ofishin cocinsu a Kafanchan kowace ranar kasuwa. Bayan ƙonewar garin, Afiniki sakatariyar ofis ta bi mutanen Tudun Maɗaci duk inda suka watse, tana ɗaukar muryarsu da wayarta: wa aka kashe, a ina, me ya ce a ƙarshe. Ta tara hotunan waɗanda suka mutu daga hannun dangi. Ta zuba komai a kwamfutar ofis kafin wayar ta lalace, ana shirin sujadar tunawa da su a ƙarshen damina. Cikin muryoyin akwai ta Lai'atu matar Kumai, wadda ta tsira daga wuta ta zo ta mutu a ɗakin haya bara. A ƙarshen maganarta ta yi wata waƙar niƙa da yarensu, sai ta fashe da dariya ta ce a kashe abin nan haka. Dariyar nan yake zuwa ji.

Ranar ya tarar da ofis a buɗe, ba kowa. Afiniki ta fita sayen tawadar firinta. Kwamfuta kuwa tana nishi ita kaɗai. Fankarta na kuka kamar injin niƙa da ya haɗiyi dutse, ƙaramar fitilar gabanta na ƙyaftawa ba hutu. A kan allon, hotunan mutanen Tudun Maɗaci suna jere. Yana kallo fuskar tsohon maƙerin garinsu ta ɓace, ta zama farar takarda. Ta kusa da ita ma haka. Bi da bi, daga sama zuwa ƙasa, kamar annoba ta shiga akurkin kaji.

Ya sunkuya zai fizge wayar wuta daga bango, sai ga Rabaran Ezekiyel a ƙofa.

“Baba! Kada ka taɓa! Za ka ƙona mana kaya.”

“Rabaran, wani abu yana cin mutanen nan.”

“Yana gyara kansa ne, haka yake yi. Ka zo ka zauna a baranda, Afiniki zai dawo yanzu.”

Kumai ya zauna. Kafin Afiniki ta dawo da tawada, babu fuska ko ɗaya da ta rage.

*

Da ta zauna gaban kwamfutar, ta danna nan bai buɗe ba, ta danna can bai buɗe ba. A kowane lungu an ajiye takarda iri ɗaya da Turanci: an kulle muku komai, makullin yana hannunmu, ku biya kuɗin fansa ko ku rasa. Ta jawo ƙaramin akwatin ajiya da take kwafe komai a ciki don tsaro. Yana maƙale a jikin kwamfutar tun safe. Shi ma an kulle shi.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama unguwa, kuma ya yi ƙafafu. Wai ƙanen Afiniki yana Legas, ba wanda ya san aikinsa. Wai ta sayi sabuwar atamfa. Mutanen Tudun Maɗaci suka cika harabar coci, tsofaffin mata na kuka kamar an sake ƙona garin. Wata ta tofa yawu a gaban ƙofar ofis.

Majalisar dattawa ta zauna washegari. Elda Gershon, dillalin citta, shi ke riƙe da biro a kowane zama tun da aka zaɓe shi sakataren majalisar, ko da yake ba mai kiransa da komai sai Elda. Aka kira Mama Martha, surukarsa, uwar matarsa, tsohuwar unguwarzoma da ta karɓi haihuwar rabin cocin. Ita ce ta zauna a baranda da safiyar ranar da abin ya faru tana jiran Rabaran.

“Mama, wa kika gani a ofis?” in ji Rabaran.

Ta dubi hannayenta. “Na ga sakatare ya sa wani abu a jikin kwamfuta.”

Duk idanu suka juya kan Afiniki.

“Akwatin ajiya ne na sa,” ta ce. “Kullum ina sa shi. Mama, ai kullum ina sa shi.”

“To, ya amsa da bakinsa,” in ji Elda Gershon, yana rubutu. “Ran Lahadi a sanar an sa shi ƙarƙashin horon coci. Litinin mu miƙa shi ga 'yan sanda, su za su sa ya fito da makullin.”

Afiniki, wadda ta yi ta yawo a kan babur cikin taɓo don ta ji bakin tsofaffi, wadda muryar mahaifinta na cikin waɗanda aka kulle, ta fito ba wanda ya dube ta. A bakin ƙofa ta ci karo da Kumai, yana dogare da sandarsa.

“Baba, wallahi ban yi ba.”

“Ban tambaye ki ba. Ɓarawo ba ya kuka irin wanda kika yi jiya, na ga ɓarayi da yawa suna kuka. Je ki gida. Kafin Lahadi zan kawo musu mai shi, ko ba Kumai ne sunana ba.”

*

Ya fara duba ƙasa, kamar yadda ya saba. Zumuntar Mata sun tattake harabar, ba sawun da za a karanta. Ya yi tsaki, ya hau keke napep zuwa jami'a, ya ɗauko Malama Faustina, mai koyar da kwamfuta, wadda ke waƙa a kwaya, ƙungiyar mawaƙan cocinsu.

Ta raba kwamfutar da intanet tukuna, sannan ta daɗe tana dubawa. Rabaran na tsaye a bayanta.

“Tsafi ne?” in ji Kumai. “In tsafi ne ki gaya mini, na san inda zan je.”

“Baba, kai komai tsafi. Ɓarayi ne, kuma ba su ma san akwai wani gari Kafanchan ba. Suna can wata ƙasa suna watsa tarko. Su ɓoye abin a cikin takarda mai kama da ta arziki, su aika wa dubban mutane. Wanda ya buɗe, shi ya buɗe musu ƙofa. Abin ya shiga, ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya yana kullewa. Alamarsa ba ta ɓuya: kwamfuta ta yi nauyi, fanka ta yi ta kuka ba a aikin komai, hotuna su koma farare, sunan kowane fayil ya fito da wutsiya. Duk wanda ya ga haka, ya zare waya kawai. Da an zare da wuri, da wasu sun tsira.”

Kumai ya juya a hankali ya dubi Rabaran. Rabaran ya dubi silin.

“Maimaita, Malama, kunnena ya tsufa.”

“Baba, bari. Ba lokacin wannan ba ne.”

“To ki buɗe su.”

“Ba zan iya ba. Ba wanda zai iya sai da makullinsu. Ko an biya ma, ba lallai su bayar ba.” Ta cire tabarau ta murza ido. “Abin da zan iya faɗa shi ne, ba ta intanet ya shigo ba. An buɗe shi ne daga filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, kuma ba akwatin Afiniki ba ne. Amma dattawa za su ce ita ta kawo filas ɗin, tunda an ce an gan ta.”

“Wannan wutsiyar, iri ɗaya ne a ko'ina?”

“Duk inda wannan nau'in ya shiga, iri ɗaya.”

“To sawu ne ke nan. Zana mini.”

Ya miƙa tafin hannu, ta rubuta masa haruffan da biro. Bai san sunansu ba, amma ya ga surarsu: ɗaya kamar ƙugiya, ɗaya kamar ƙwai, biyu kamar gwafa. Annobar kaji ba ta faɗowa daga sama. In ta kashe naka yau, ta kashe na wani kafin kai, kuma wani ne ya ɗauko ta a ƙafarsa. Ya dunƙule hannun ya fita.

*

Ya bi shagunan buga takardu na garin ɗaya bayan ɗaya, daga bakin kasuwa zuwa hanyar jami'a, yana buɗe tafin hannu a fuskar masu shago. Wasu suka yi dariya, wani ya ba shi sadaka, ya jefa masa abarsa. Bai wanke hannun ba, da hagu ya riƙa shan ruwa. A wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa, mai shagon, wani Jason, ya ga hannun sai fuskarsa ta canza.

Kumai bai jira ba, ya cafke wuyan rigarsa. “Na kama ka! Fito da makullin.”

“Baba, sake ni! Wane makulli? Ni ma an gama da ni!” Ya juya allon kwamfutarsa. Fararen takardu jere, kowace da ƙugiya da ƙwai da gwafa biyu. “Aikin ɗalibai ne duk wannan, na gama makaranta. Suna zuwa da yamma su cinye ni ɗanye. Da ina da makulli zan zauna ina kallon wannan?”

Kumai ya sake shi, ya gyara masa kwala kamar dama abin da ya zo yi ke nan.

“Yaushe ya same ka?”

“Kafin na cocinku. Na ji labarin naku, na yi shiru, kada a ce ni ne.”

“Wa ya kawo maka?”

“Baba, mutum nawa ke shiga nan? In janareto ya mutu ina baya ina fama da shi, kowa ya zauna ya sa filas ɗinsa. Anti Afiniki ma ya zo cikin satin, ya yi fotokofi.”

Harsashin cinyar Kumai ya motsa. Ba wannan ya zo ji ba.

“Amma mai gyara ya nuna mini takardar da ta jawo,” in ji Jason. “Wai odar citta ce. Wai wani bature yana neman kwantena guda, a buɗe a ga farashi. Ƙarya ne, ba komai a ciki sai bala'i.”

Citta. Kumai ya ji daɗi har ya kusa ba Jason haƙuri, sai ya fasa. Amma daɗin bai kai yamma ba. Ya zaga rumbunan citta, ya zauna da dillalai, ya sha kununsu. Tun shekarar da ciwo ya ruɓar da citta a gona, kowa na neman mai saye da ido rufe, kuma kusan kowane dillali ya taɓa samun irin wannan saƙon a waya. Rabin cocin citta suke ci. Uwar Afiniki ma tana da 'yar gonarta. Sawun ya shiga kasuwa ya ɓace.

Saura mutum ɗaya da ya ga wani abu da idonsa.

*

Mama Martha tana zaune a falonta tana tsince wake. A Zariya ta tashi, a hannun 'yan mishan, a can ta koyi aikin unguwarzoma, kuma ta dawo gida da Hausar da ba irin tamu ba. A bango akwai hoton 'yarta Yemima da Elda Gershon da jikoki, duk cikin anko.

“Kumai. Ka zo ka tuhume ni?”

“Na zo gaisuwa. Lai'atu ya amince da ke fiye da kowa a garin nan.”

“Ta amince.”

“Eh, to, ta amince.”

“Tun muna da ƙuruciya nake gaya maka. Mace ta, namiji ya. Ka bi sawun kura a kan dutse, wannan ɗan abu ya gagare ka.”

“Hausa ba yaren uwata ba ne, Mama. Ki gaya mini abin da kika gani.”

“Abin da na faɗa a majalisa shi na gani. Ban taɓa yin ƙarya ba, ba zan fara da furfura ba.”

“Yarinyar nan ke kika karɓi haihuwarsa. Litinin zai kwana a bayan kanta, wurin 'yan sanda.”

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Sannan ta ce a hankali, “Za ta.”

“Ki sake faɗa mini maganar.”

“Na ga sakatare ya sa wani abu a jikin kwamfuta. Ba ni da ƙari. Ka gaida gida.”

Ya fito yana huci, yana zaginta da yarensu a ransa. Mace mai taurin kai, ana maganar rai tana gyara wa mutum baki! Ya hau keke. Sun kai daidai inda titi ya tsallaka layin dogo, keken na tsalle a kan ƙarafa, sai ya buga wa mai keken kafaɗa.

“Tsaya!”

Ya sauka ya tsaya a bakin titi, yana maimaita maganarta a hankali, kalma bayan kalma. Sai ya yi wata dariya marar daɗi, har mai sayar da gyaɗa a gefe ta matsar da farantinta.

*

Ran Asabar da rana, bayan kwaya ta tashi, ya sa Rabaran ya tara su a ɗakin dattawa. Elda Gershon na kan tebur da bironsa, makullan motarsa a gefe. Afiniki na can ƙarshen benci ita kaɗai. Mama Martha ta zo da Littafi Mai Tsarki a cinya. Faustina ta zo da wata tsohuwar kwamfutar hannu, Jason kuma ya tsaya kusa da ƙofa, ko da gudu zai kama.

“Baba, ka taƙaita,” in ji Elda Gershon. “Majalisa ta riga ta yanke.”

“Ɗana, lokacin da nake bin sawu ba ka fara sa wando ba. Zauna.” Ya juya. “Rabaran, ranar da abin ya faru, da na shigo, ina Afiniki?”

“Ya tafi sayen tawada.”

“Jason, wa ya yi fotokofi a shagonka?”

“Anti Afiniki. Ya zo, ya yi, ya tafi.”

“Kun ji ko? Ya tafi, ya zo. Haka muke dukanmu. Mace ya, namiji ya, akuya ya. Aron Hausar muka yi, mun sa ta yadda ta shige mu, ba wanda ya mutu. Shi ya sa da aka ce mana sakatare ya sa abu, duk muka juya muka kalli yarinyar nan. Har ni.” Ya ɗaga sanda ya nuna. “Amma a cocin nan akwai mutum ɗaya da bakinsa bai taɓa wannan kuskuren ba. Rabaran, ka tuna jana'izar matata? Kana bakin kabari ka ce Lai'atu ya huta. Wa ya amsa daga cikin taro ya ce ta huta?”

Rabaran ya kau da kai. Wani dattijo ya ce ƙasa-ƙasa, “Mama Martha.”

“A bakin kabari! Matar da ba ta iya barin ya ɗaya ya wuce a gaban gawa, ita ce za ta kalli Afiniki ta ce sakatare ya sa? Da sakatariya za ta ce, ta sa. To ni ban yi boko ba, ku da kuka yi ku ƙirga mini. Cocin nan sakatare nawa ne?”

Ɗaya bayan ɗaya, idanu suka bar Afiniki, suka bi teburin, suka tsaya a kan biron da ke hannun Elda Gershon. Biron ya daina motsi.

Mama Martha ta rungume Littafinta. “Ban yi ƙarya ba,” ta ce. “Allah shaida, ban yi ƙarya ba. Jikokina…”

Afiniki ta ɗago kai. “Ba ki yi ba, Mama. Kin zauna kin bar su sun yi miki.”

“Wannan wasan yara ne!” Elda Gershon ya miƙe. “Za ku kama dattijon coci da ya da ta? Surukata ta tsufa, bakinta ya zame.”

“Bakina bai zame ba, Gershon,” in ji ta, ba ta dube shi ba.

Faustina ta miƙa hannu. “Elda, filas ɗin da ke jikin makullanka. Wannan kwamfutar ba komai a cikinta, ba ta haɗe da komai, ba abin da zai lalace. In ba kai ba ne, yanzu za a gani.”

Ya dubi ƙofa. Jason ya gyara tsayuwa ya cika ta. Rabaran da kansa ya ɗauki makullan ya miƙa mata.

Allon ya buɗe. Fararen takardu, kowace da wutsiya, abin ya cinye har kayan mai ɗauke da shi. Guda ɗaya ce kawai ba ta da wutsiya, Faustina ta karanta sunanta: odar citta. Kumai ya matso, ya buɗe tafin hannunsa a gefen allon. Tawadar ta dushe da gumi, amma ana gani. Ƙugiya, ƙwai, gwafa biyu.

Elda Gershon ya koma kujera kamar buhun da aka zazzage.

“Ban sani ba,” ya ce. “Wallahi ban sani ba. Citta ta kashe ni shekarar ciwo, na ga mai saye na ce Allah ne. A wayata takardar ta ƙi buɗewa, aka juya mini a filas. Na kai shagon yaron nan, ta ƙi, na ce kwamfutarsa ce ba kyau. Na ga ofis a buɗe na shiga na gwada. Ta ƙi, na fita. Da na ji abin da ya faru… ni dattijo ne, mutanen Tudun Maɗaci za su kashe ni.”

“Shigo da shi ba ka sani ba, na yarda,” in ji Kumai. “Ɓarayin can sun fi ka wayo, sun fi Rabaran, ni ne kawai ba su fi ba. Amma da ka ɗauki biro ka rubuta a kai yarinyar nan wurin 'yan sanda, wannan ka sani. Hannunka bai ko girgiza ba, ina kallo.”

*

Ba a kai kowa wurin 'yan sanda ba. Ran Lahadi, tsakanin sanarwar taron Zumuntar Mata da ta gyaran rufin coci, Rabaran ya ce bincike ya nuna matsalar na'ura ce daga ƙasar waje, 'yar'uwa Afiniki ba ya da laifi. Ya ce Elda Gershon ya nemi hutu daga aikin majalisa saboda lafiyarsa, a sa shi a addu'a. Aka ce amin. Matar da ta tofa yawu a ƙofar ofis ta ce amin da ƙarfi fiye da kowa.

Afiniki ta jira aka tashi. Ta shiga ofis, ta ajiye makullai a kan tebur, ta fito. Kumai na baranda.

“Na gode, Baba.”

“Na ce miki kafin Lahadi. Za ki tafi?”

“Sun cire sunana daga laifi. Ba su ce mini yi haƙuri ba.” Ta gyara ɗankwali. “Zan sake bin tsofaffin da suka rage, da wayar aro. Wannan karon zan ajiye a wuri uku, kuma ba ɗaya a coci.”

“Lai'atu fa?”

Ta kau da kai ta sauka daga baranda, shi ma bai sake tambaya ba.

An yi sujadar tunawa a ƙarshen damina ba hoto, ba murya. Kowa ya tashi ya faɗi sunan nasa da ka. Faustina ta cire ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar ta naɗe a leda ta ajiye a ofishinta. Ta ce wani lokaci akan kama irin ɓarayin nan a can ƙasashen, makullansu su fito, kowa ya buɗe nasa kyauta. Ba ta yi alkawari ba. Kowace ranar kasuwa Kumai yana hawa keke zuwa jami'a ya leƙa ƙofarta, ta girgiza kai, ya juya. Waƙar niƙan yana iya yin ta. Dariyar ce ya gwada ya gwada, ba ta fitowa daidai.

In ka same shi a bakin tasha zai ba ka labarin nan ko ba ka tambaya ba, kuma zai nuna maka tafin hannun, ko da yake tawadar ta daɗe da gogewa. Akwai masu cewa tsohon yana ƙara gishiri, wai ba a kama mutum da harafi biyu. To, Kumai ya ce kada a yi gardama da shi. Mama Martha tana nan da ranta, tana zama ita kaɗai a bencin baya, 'yarta ba ta zuwa gidanta. Mai shakka ya je ya gaishe ta ran Lahadi, ya dubi idonta ya ce, “Mama, Afiniki ya bar coci.” Ta daina gyara wa kowa magana tun ranar nan, ba za ta ce maka komai ba. Amma ka kalli leɓenta, in kana da zuciyar kallo, sannan ka dawo tasha ka ce wa Kumai ƙarya yake yi.